Gwajin manhajar maikurokwanturola ta layin siriyal

Maikurokwanturola ƙaramar kwamfuta ce da aka dunƙule cikin guntu ɗaya, irin wadda ke cikin mitar wutar lantarki da injin wanki. Ba ta da allon kallo, ba ta da madannai. Domin a san ko manhajar da aka ɗora mata tana aiki daidai, sai a jona ta da babbar kwamfuta ta layin siriyal, kwamfutar ta riƙa aika umarni tana karanta amsa, ta yanke hukunci ba tare da mutum ya sa hannu ba.

Layin bai wuce wayoyi uku ba: TX mai aikawa, RX mai karɓa, da GND, wato wayar ƙasa da ɓangarorin biyu ke tarayya a kai. TX na wannan ɓangare ne ke shiga RX na wancan. Dole ɓangarorin biyu su daidaita kan sauri ɗaya, galibi bit 9600 ko 115200 a daƙiƙa. A tsarin 8N1 (bit 8 na bayani, da ɗaya na farawa, da ɗaya na tsayawa) kowane harafi yana cin bit 10, don haka saurin 115200 yana ɗaukar haruffa 11,520 a daƙiƙa. Ƙa'idar layin siriyal ta RS-232 ta samo asali tun 1960, amma kwamfutocin yanzu sun daina zuwa da kafarta, sai dai a bi ta USB da guntu mai mayar da shi siriyal, irin FT232, CP2102 ko CH340.

Aikin yana tafiya ne bi da bi: a harhaɗa manhajar, a loda ta, a sake tayar da na'urar, sannan a saurara. Tsarin gwaji na Unity na yaren C yana fitar da sunan kowane gwaji tare da PASS ko FAIL, PlatformIO kuma, kayan aikin da ke kan babbar kwamfuta, ya karanta ya ƙirga. Akwai wasu kayan gwaji irin wannan: Zephyr, babbar manhajar ƙananan na'urori, yana da Twister, kamfanin Espressif mai ƙera guntu yana da pytest-embedded, masu rubuta nasu kuwa sun fi amfani da pySerial na yaren Python. Dabarar jiran wata kalma kafin a mayar da martani tsohuwa ce. Da ita Don Libes ya gina manhajar Expect a 1990.

Inda gizo ke saƙar shi ne shiru. Idan amsa ba ta zo ba, kwamfuta ba ta iya bambance na'urar da ta daskare da wadda ke nawa, ko wayar da ta kwance. Shi ya sa kowane jira ake yanka masa wa'adi: ya yi gajarta a kayar da manhaja mai lafiya, ya yi tsawo a ɓata lokaci. Na'urar Arduino Uno tana sake tashi da zarar kwamfuta ta buɗe kafar siriyal ɗinta, saboda siginar DTR da kwamfutar ke aikawa a lokacin, kuma umarnin da aka aika kafin ta gama tashi ya bi iska. Maikurokwanturolar ESP8266 kuwa tana fara magana da saurin 74880, wanda ke fitowa a hargitse ga mai sauraro a 115200. Rubutun da na'urar ke aikowa lokacin gwajin ma kansa yana cin lokaci, har yakan ɓoye kuskuren da ake farauta.

A Linux, idan an jona na'urori da yawa, kafofin siriyal irin ttyUSB0 da ttyUSB1 kan yi musayar suna bayan an sake kunna kwamfuta. Ana magance wannan da sunayen da ke /dev/serial/by-id, sai dai CH340G mai araha ba ta da lambar shaida tata ta kanta, guda biyu sai su zo da suna ɗaya. Na'urar da ta ƙi tashi kuwa, ana yanke mata wuta da rile (makunnin da kwamfuta ke sarrafawa) a mayar.

Manhajojin QEMU da Renode suna kwaikwayon maikurokwanturolar a cikin kwamfuta, amma ba sa nuna abin da raunin wuta ko hayaniyar waya ke haddasawa.