Waiwaye: Yadda Ƙasashe Suka Samu Launukansu a Taswira

Babu wata yarjejeniyar duniya da ta ce ƙasa kaza ga launinta a taswira. Abin da ake da shi al'ada ce, wadda masu buga taswira, 'yan mulkin mallaka da gidajen talabijin suka gina a hankali. Yanzu masu zana taswirar tarihin "da a ce", wato masu hasashen yadda duniya za ta kasance da wani yaƙi ko juyin mulki ya ƙare daban, suna ƙoƙarin mayar da wannan al'ada ƙa'ida ɗaya da kowa zai bi.

A zamanin da Abraham Ortelius ya fitar da kundin taswirorinsa a Antwerp a 1570, da hannu ake shafa launi bayan an buga zanen, don haka kwafi biyu na taswira ɗaya kan bambanta. Sai a ƙarni na 19, da buga launi da inji ya yi sauƙi, launi ya fara tsayawa wuri ɗaya.

A 1852 wani ɗan Ingila, Francis Guthrie, yana shafa wa gundumomin ƙasarsu launi, ya lura launuka huɗu sun isa a hana maƙwabta biyu yin kama. Tabbatar da haka a lissafi ya ci fiye da shekara ɗari. Alfred Kempe ya kawo hujja a 1879, Percy Heawood ya gano kuskurenta a 1890, sai a 1976 Kenneth Appel da Wolfgang Haken na Jami'ar Illinois suka kammala aikin da taimakon kwamfuta. Amma hujjar tana aiki ne idan kowace ƙasa dunƙulalliya ce. Daular da ke da yankuna a nahiyoyi daban-daban tana buƙatar launi ɗaya tak a duk inda take, a nan kuwa ba lallai ne huɗu su isa ba.

Birtaniya ta ɗauki ja, wanda a bugu ya koma ruwan hoda, saboda baƙaƙen sunayen garuruwa sun fi karantuwa a kan launi mai haske. Taswirar daular da aka buga a 1886 ta nuna Kanada, Indiya da Ostareliya duk da launi ɗaya, kuma Cecil Rhodes, ɗan mulkin mallakar Birtaniya, ya yi burin ganin wannan launi ya miƙe daga Kef a Afirka ta Kudu har Alƙahira. A wancan lokaci Fotugal ta fito da tata taswirar, inda ta shafa ruwan hoda daga Angola zuwa Mozambik ba tsinkewa. Birtaniya ta ba ta wa'adi a Janairun 1890, Fotugal ta janye. Ƙasar da ake takaddama a kanta tana da mutanenta da sarakunanta, ba wanda ya tambaye su. Haka aka yi da mu: a 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Say a bakin kogin Neja zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi, aka yi ta gyara shi har 1906, Katsina ta faɗa launi ɗaya, Maraɗi wani, alhali zuriya ɗaya ce.

Taswirar zaɓe ta nuna yadda al'ada ke kafuwa ba tare da an zauna an tsara ba. A zaɓen Amurka na 1976, tashar NBC ta ba jam'iyyar Republican shuɗi, Democrat ja. Sai a 2000, da aka shafe makonni ana kallon taswirar Bush da Gore saboda rikicin ƙuri'un Florida, ja ya zauna wa Republican, shuɗi ya zauna wa Democrat. A Birtaniya akasin haka ne: shuɗi na masu ra'ayin riƙau ne, ja na Leba.

Masu tarihin "da a ce" sun fi kowa buƙatar ƙa'ida. Iyakokin taswirarsu baƙi ne ga mai kallo, launi ne kaɗai zai gaya masa cewa wannan yanki da bai taɓa gani ba na Faransa ne ko na Daular Usmaniyya. Shi ya sa suke ware wa kowace babbar ƙasa launi tsayayye, su ba yankunan da ke ƙarƙashinta mai haske-haske na wannan launin, su yi jirwaye inda ake takaddama. Wasannin kwamfuta irin su Europa Universalis sun ƙara dasa wannan a zukata: Faransa shuɗi, Ingila ja, Usmaniyya kore.

Damuwata da yawancin waɗannan tsare-tsare ita ce rabon yana farawa daga Turai. Manyan dauloli su kwashe fitattun launuka, sauran duniya ta samu ragowa, ƙasashen Musulmi kuma a tara su cikin kore iri-iri. Ka zana duniyar da Sakkwato ba ta faɗi a 1903 ba, ka sa Borno da Damagaram a gefenta, duk da kore mai kama da juna: ka shafe bambancin da mutanen wancan zamani suka yi yaƙi a kansa. Ga kuma masu matsalar bambance ja da kore, kusan namiji ɗaya cikin goma sha biyu a wasu al'ummomi, waɗanda masaniyar taswira Cynthia Brewer ta yi la'akari da su a jerin launukanta na ColorBrewer. Duk mai son tsara ƙa'ida ya fara raba launi ta maƙwabtaka, yanki-yanki, ya gwada shi da idon waɗannan mutane, sannan ya rubuta ma'anar kowane launi a gefen taswira ko da yana ganin kowa ya sani.