Turai Ba Ta Hana Buhun Leda Ba: Ga Abin Da Sabuwar Dokar Mazubin Kaya Ta Ce

Wani ƙanena da ke harkar riɗi da zoɓo a kasuwar Dawanau ya turo mini saƙon murya ta WhatsApp, shi ma turo masa aka yi. Mai maganar har rantsuwa yake yi wai Turai ta haramta buhun leda kwata-kwata, duk kwantenar da ta isa can da irin wannan buhu ƙona ta za a yi, sannan a biyo mai ita har gida da tara. Ya ce, "Yaya, in haka ne ai gara in dakatar da odar buhunan da na bayar." Na ce masa kada ya dakatar.

Ban ga laifin masu firgita ba. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari na fiya-fiya da aka riƙa samu a cikinsa, kuma har yau 'yan kasuwa ba su manta ba. Sai dai wancan hukunci kan abin da ke cikin buhu aka yi shi. Wannan sabuwar dokar mazubin kaya kuwa kan buhun ne kansa, kuma ba Najeriya aka nufa da shi ba.

Doka ce ta Tarayyar Turai mai lamba 2025/40, wadda ta maye gurbin tsohuwar ƙa'idar 1994. Ta zama doka ranar 11 ga Fabrairun 2025, ranar fara aiki da yawancin sassanta kuma 12 ga Agustan 2026. Turawa sun yi ta ne don sharar gidansu: a 2022 kowane mutum a Tarayyar ya zubar da kusan kilo 186 na kwali da leda da kwalba da gwangwani. Ta hau kan duk wani mazubi da ya shiga kasuwar ƙasashe 27 na Tarayyar, ko a Jamus aka yi shi ko a Kano. Mai tura riɗi Japan ko Turkiyya, ko zoɓo Meziko, ba ruwansa da ita. Birtaniya ma nata tsarin daban, haraji take karɓa tun Afrilun 2022 kan ledar da ba ta da kashi 30 na tsohuwar robar da aka sake narkarwa a jikinta.

To ina maganar haramci ta samo asali? Akwai 'yan nau'o'in leda da dokar ta hana daga 2030, amma na kantuna da otal-otal ne: ledar da ake ƙunshe ɗanyen kayan lambu da 'ya'yan itace da ba su kai kilo ɗaya da rabi ba, da ƙananan robobin sabulun wanka na ɗakin otal, da makamantansu. Buhun riɗi mai kilo 50 ba ya cikin wannan jeri. Abin da aka ce game da shi, da ma kowane mazubi, shi ne daga 2030 ya zama wanda za a iya narkarwa ko sake sarrafawa. Za a riƙa ba da daraja uku: A ga wanda kashi 95 cikin ɗari na nauyinsa ke sake sarrafuwa, B kashi 80, C kashi 70. Abin da ya gaza 70 ba zai shiga ba, a 2038 kuma a rufe wa C ƙofa. Buhun da aka saƙa da roba iri ɗaya tun daga bakinsa har gindi ya fi kusa da tsallakewa. Wanda ya kamata ya damu shi ne mai zuba garin citta ko zogale a 'yar jakar nan mai ƙyalli, wadda aka manne leda da takarda da alminiyam wuri guda, don raba su ya gagari masu narkarwa. Haka mai tura ƙaramin kaya cikin ƙaton kwali: daga 2030 filin banza bai kamata ya wuce rabin kwalin ba.

Abin da ya shafi 2026 bai kai yadda ake zuzuta shi ba, amma a nan ne mutanenmu za su iya yin tuntuɓe. Ƙarafa masu guba, wato dalma da zaiba da kadmiyam da wani nau'in kromiyam, in an haɗa su, kada su wuce miligiram 100 a kowane kilo na mazubi. Wannan ma tsohon sharaɗi ne, kuma sau da yawa ta tawadar rubutu da launin buhu suke shiga. Sabon shi ne iyaka mai tsauri kan sinadaran PFAS a duk mazubin da ke taɓa abinci, waɗanda ake shafa wa takarda don kada maiƙo ko ruwa ya ratsa ta. Sai kuma takardar shaida cewa mazubin ya cika sharuɗɗa, wadda ake ajiyewa shekara 5 in mazubin na amfani sau ɗaya ne. Na sha ganin buhun taki da aka juya cikinsa waje, aka kakkaɓe, aka zuba zoɓo, aka ɗinke baki da basilla. Irin wannan buhu ba shi da asali, babu wanda zai iya sa hannu a kansa.

Yanzu batun tara, inda saƙon muryar ya fi yin ɓarna. Dokar ba ta yanke ko sisin Yuro ba. Ta bar wa kowace ƙasa ta tsara hukuncinta zuwa 12 ga Fabrairun 2027, don haka na Faransa zai iya bambanta da na Holan. Matakin farko kuwa shi ne hukuma ta ce a gyara. In ba a gyara ba, a hana kayan shiga kasuwa ko a janye su. Babu inda aka ce a cinna wa kwantena wuta don buhunanta na leda ne. Kuma wanda hannun hukuma ke kaiwa gare shi shi ne mai shigar da kayan, wato kamfanin da ke Hamburg ko Rotterdam, ba Alhajin da ya loda su a Dawanau ba.

Amma kada wannan ya sa mu miƙe ƙafa. In aka riƙe kwantena a tasha, kuɗin ajiya na hawa kullum, kuma Baturen nan ba daga aljihunsa zai biya ba. A cikin cikon kuɗinka zai zare, baɗi kuma ya nemi riɗinsa a Habasha ko Indiya. Ainihin hukuncin ɗan kasuwarmu ke nan, kuma ba kotun da zai kai ƙara. Masu sayar da man kaɗe ko turaren wuta kai tsaye ga mutanen Turai ta intanet kuwa, lissafinsu daban ne: babu wani a tsakani, don haka su ne za su yi rajista su biya kuɗin kwashe shara. Jamus ta fara wannan tun 2019 da rajistarta ta mazubin kaya mai suna LUCID, kuma tara a ƙarƙashin waccan doka tata takan kai Yuro 200,000.

Sashen da ya fi tsaya mini a rai shi ne na tsohuwar roba. Daga 2030 dole mazubin roba ya ƙunshi wani kaso na robar da aka yi amfani da ita aka sake narkarwa: kashi 10 ga irin buhun da ke taɓa abinci, kashi 35 ga irin ledar da ake naɗe lodi da ita. Da farko murna na yi, don wa ya fi mu tara roba? Yaran jari-bola ba sa barin ko murfin gora a ƙasa. Sai na ci karo da sharaɗin da ke biye: robar da aka tara a wajen Turai ba za a ƙirga ta ba sai an tattara ta, an kuma narkar da ita, bisa ƙa'ida daidai da ta Turai, har da hayaƙi da ruwan dattin da masana'antar ke fitarwa. Na fahimci dalilinsu, ba sa son a cika musu kasuwa da robar da ba a san asalinta ba, kuma abin da zai taɓa abinci dole a yi kaffa-kaffa da shi. Amma ƙaramar masana'antar da ke fama da janareta a Sharaɗa, ina za ta samo kuɗin masu bincike daga waje? Ƙarshenta mai yin buhu a nan zai iya komawa sayen narkakkiyar roba daga Turai da kuɗin waje, alhali tamu na toshe magudanan ruwa. Dokar da aka yi don muhalli bai kamata ta haifar da haka ba. Wannan shi ne wurin da Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki ta Najeriya da ƙungiyoyin masu fitar da riɗi da citta da ƙaro ya kamata su yi magana da babbar murya, tare da takwarorinsu na Nijar da Chadi da Sudan da ke cin kasuwa ɗaya.

Wasu kuma suna cakuɗa wannan doka da ta katakon da ake jera buhuna a kai. Waccan daban ce, ta duniya ce, tun 2002: a gasa katakon har zafin cikinsa ya kai digiri 56 na minti 30, a buga masa hatimi, don kada ya ɗauki ƙwari zuwa wata ƙasa.

Ƙanena dai na ce masa ya tsaya kan sabon buhu, fari, mara tarin rubutu, ya nemi kamfanin ya ba shi a rubuce irin robar da tawadar da aka yi amfani da su, sannan ya tambayi mai sayensa takardun da yake buƙata tun kafin lodi. Da ya buga wa kamfanin buhun waya, manajan ya yi shiru, ya ce ba a taɓa tambayarsa wannan ba, amma zai tuntuɓi masu kawo musu tawada.