Ma'anar "yawan amfanin gona" da abin da talabijin ke tsallakewa a kai

Da wuya a yi shirin noma a talabijin ba a ambaci "ƙara yawan amfanin gona" ba. Jami'an gwamnati na faɗa, masu sayar da taki na faɗa, mai gabatar da shirin ma na faɗa yana tsaye a tsakiyar shuka. Abin da mai kallo ke ɗauka shi ne buhuna sun yi yawa, shi ke nan. Amma a bakin masana harkar noma, lissafi ne mai gefe biyu: abin da gona ta bayar, da abin da ta ci kafin ta bayar. Abin da ta ci ya haɗa da fili, iri, taki, ruwa, man injina da gumin ɗan Adam. Idan wani ya sami tan 10 na hatsi a hekta 10, wani kuma ya sami tan 8 a hekta 2, gonar na biyun ce ta fi bayarwa, ko da rumbun na farko ya fi cika.

Awon ma ba iri ɗaya ba ne. Wasu na auna abin da kowace hekta ta bayar, wasu abin da kowane ma'aikaci ya samar, kuma sakamakon kan saɓa. A Ingila hekta guda ta alkama kan ba da kusan tan 8, a Ostiraliya kuwa wajen tan 2 ne, amma manomin Ostiraliya shi kaɗai da injinansa yana iya riƙe dubban hektoci. Don haka duk wanda ya ce amfani ya ƙaru, ya kamata a tambaye shi: da wane ma'auni?

Maganar ta kuma shafi namun daji, kuma inda suka haɗu shi ne fili. Alƙaluman Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa noma da kiwo sun mamaye fiye da kashi ɗaya cikin uku na doron ƙasa, kuma mafi yawansa wurin kiwo ne. Kowace gona a dā daji ce, ko fadama, ko filin ciyawa da wata halitta ke zaune a ciki. Daga 1961 zuwa yau hatsin da duniya ke nomawa ya ninka fiye da sau uku, alhali filin hatsin ɗan kaɗan ya ƙaru. Ingantaccen iri, takin zamani da ban-ruwa ne suka jawo haka, kuma a kan wannan aiki aka ba masanin noma Norman Borlaug lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a 1970, bayan irin alkamar da ya inganta a Meziko ya bazu a Indiya da Pakistan.

Talabijin dai ta raba labarin gida biyu. A shirin noma, kyamara na shawagi daga sama a kan gonar alkama da ba a ganin ƙarshenta, injin girbi na tafe yana feso hatsi cikin tirela, ƙura na tashi, kiɗa na rakiya. Babu shinge, babu bishiya ko ɗaya, kuma ba wanda zai ce wani abu ya ɓace, domin kyamara ba ta iya ɗaukar tsuntsun da ya daina zuwa. A shirin namun daji kuma sai a juya kyamarar yadda turken lantarki, wayar shinge da gonar masarar da ke bayan garken giwaye ba za su fito ba. Mai kallo ya tashi da tunanin cewa daji na can wata duniya, gona na nan wata duniya. Manomin da giwayen za su shiga gonarsa cikin dare su tattake wahalarsa ta shekara guda, ba safai ake ba shi makirufo ba. In ma ya fito, to a matsayin barazana ga dabba ya fito. Wannan ya fi komai damuna, domin shi ne mutumin da ke biyan kuɗin kare namun daji daga rumbunsa.

A tsakanin masana, muhawarar ta fi haka zurfi. Wani ɓangare na cewa a matsa wa ƙaramin fili ya ba da abinci mai yawa, a bar sauran ƙasa ga daji. Ɗaya ɓangaren na cewa a yi noma mai sassauci, a bar bishiyoyi, shingaye da kududdufai a cikin gona, dabba da manomi su zauna tare ko da amfani zai ragu. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Science a 2011, wanda ya ƙirga tsuntsaye da bishiyoyi a Gana da arewacin Indiya, ya gano cewa yawancin nau'o'in sun fi tsira da hanya ta farko, musamman waɗanda ba sa iya rayuwa sai a daji sosai. Sai dai akwai sharaɗi, wato filin da aka ce an bari a bar shi da gaske. Idan noma ya yi riba, mutane kan ƙara sare daji ne. A yankin Cerrado na Brazil, waken soya da kiwon shanu sun bunƙasa, amma kusan rabin tsirran asali na yankin sun tafi.

Akwai kuma asarar da lissafin bai cika sakawa ba. Tsuntsayen gonaki a Birtaniya sun ragu da fiye da rabi tun daga 1970. A Indiya, maganin diclofenac da ake ba shanu ya kashe ungulayen da ke cin mushensu, har wasu nau'o'in suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100 kafin a hana amfani da shi a kan dabbobi a 2006. Ungulu na share mushe kyauta, ƙudan zuma da sauran ƙwari na yi wa shuka barbara (kai ƙurar fure daga wannan fure zuwa wancan) kyauta, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na manyan nau'o'in amfanin gona na cin moriyar wannan barbarar. Tunda ba wanda ke biyan kuɗin aikin, ba ya shiga littafin manomi, ba ya shiga rahoton mai gabatar da shiri.

Wasu ƙasashe sun fara gyara lissafin. Kosta Rika ta soma biyan masu filaye kuɗi tun 1997 don su bar dazuzzukansu a tsaye, Ingila kuma bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta koma biyan manoma a kan shingaye da layukan furanni da suke bari a gefen gona. A irin wannan tsari, hektar da ba a girbe komai a cikinta ba tana shiga cikin kuɗin shigar manomi a ƙarshen shekara.