Ka'idar ƙirƙira mai girgiza kasuwa

Ƙirƙira mai girgiza kasuwa ka'ida ce a ilimin gudanar da kasuwanci, wadda ke bayanin yadda ƙaramin kamfani mai ƙarancin jari kan kayar da babban kamfanin da ya daɗe yana riƙe da kasuwa. Wanda ya assasa ta shi ne Clayton Christensen, malami a makarantar kasuwanci ta jami'ar Harvard a Amurka, wanda ya rasu a 2020. Ya fara bayyana ta a 1995 cikin wata maƙala da suka rubuta da Joseph Bower, ya kuma faɗaɗa ta a littafin da ya fitar a 1997. Tun a 1942 masanin tattalin arziki Joseph Schumpeter ya nuna cewa sabuwar sana'a kan rushe tsohuwa. Abin da Christensen ya ƙara shi ne dalilin da ya sa manya ke hango haɗarin da idonsu amma su kasa motsawa.

Yadda abin ke faruwa

A ganinsa, babban kamfani yakan faɗi ne saboda yana bin abin da ake koyarwa a makaranta: yana sauraron manyan abokan cinikinsa, yana ƙara wa hajarsa inganci, yana zuba kuɗi inda riba ta fi tsoka. A haka hajar kan wuce buƙatar talaka, ga tsada. Sai wani sabon shiga ya zo da kaya mai araha, wanda bai kai na manya kyau ba. Yakan fara da masu ƙaramin ƙarfi, ko waɗanda da ma ba su taɓa sayen irin kayan ba. Babban kamfani ya duba ya ga ribar ba ta taka kara ta karya ba, ya bar masa wajen. Shi kuwa ya yi ta gyara kayansa har ya kai ga manyan masu saye, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Christensen ya gina hujjarsa kan tarihin faifan ajiyar bayanai na kwamfuta, wanda ya yi ta ƙanƙancewa daga inci 14 zuwa 8, zuwa 5.25, zuwa 3.5. Amma misalin ƙarfe ya fi fito da abin fili. A Amurka, ƙananan masana'antu masu narkar da tsofaffin ƙarafa da wutar lantarki sun fara ne da rodin gini, wanda shi ne mafi ƙarancin daraja. Manyan kamfanoni suka sakar musu shi da murna, domin ribarsa ba yawa. Daga nan ƙananan suka riƙa hawa mataki-mataki, har a 1989 kamfanin Nucor ya fara yin fallen ƙarfe a jihar Indiyana. A 2001 Bethlehem Steel, ɗaya daga cikin tsofaffin manyan, ya shiga fatara.

Ana yawan kafa hujja da Kodak, kamfanin fim ɗin ɗaukar hoto na Amurka, wanda injiniyansa Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital a 1975, amma kamfanin ya durƙushe a 2012. Misalin bai zauna daram ba: Kodak ya zuba kuɗi sosai a kyamarar dijital, kuma abokin hamayyarsa Fujifilm na Japan ya tsira ta hanyar komawa ga kayan asibiti, magunguna da kayan kwalliya.

Suka

A 2014 masaniyar tarihi Jill Lepore ta caccaki ka'idar a mujallar The New Yorker, tana cewa an tsinci misalan da suka dace ne aka watsar da sauran. A 2015 masu bincike Andrew King da Baljir Baatartogtokh suka bi misalai 77 da Christensen ya kawo, suka tarar bakwai kaɗai ne suka cika dukkan sharuɗɗan ka'idar. Christensen kansa ya yi hasashe a 2007 cewa iPhone ba za ta yi nasara ba. Wannan ne raunin da ya fi fitowa: ka'idar ta iya bayanin abin da ya wuce, amma hasashenta ba abin dogaro ba ne. A ƙarshen 2015 shi da abokan aikinsa biyu sun koka cewa ana laƙaba sunanta ga kowane sabon abu, suka ce ko Uber, kamfanin kiran tasi ta manhajar waya, bai cika sharuɗɗanta ba.

Inda bincike ya dosa

Wani reshe na tambayar yadda kamfani zai ci gajiyar tsohuwar sana'arsa yana kuma laluben sabuwa. Masani James March ya yi wa matsalar tsari a 1991, masana Michael Tushman da Charles O'Reilly suka ba da shawarar a ware sabon sashe mai cin gashin kansa a ƙarƙashin shugabanci ɗaya. Ana kuma gwada ka'idar a kan dandalin ciniki na intanet da ƙirƙirarriyar basira, inda sabon kaya kan zo da araha da inganci a lokaci guda, abin da ka'idar ba ta tanada ba.

Reshen da ya taɓa Afirka kai tsaye shi ne na ƙirƙira mai samar da sabuwar kasuwa, wanda Christensen da Karen Dillon da Efosa Ojomo ɗan Najeriya suka rubuta a kansa a 2019. Sun kawo misalin Mo Ibrahim, haifaffen Sudan, wanda ya kafa kamfanin wayar salula a 1998 don mutanen da ake ganin ba za su iya biya ba; an sayar da kamfanin, mai suna Celtel, a 2005 kan dala biliyan 3.4. Sun kuma kawo kamfanin Tolaram, mai taliyar Indomie a Najeriya, wanda dole ta sa ya samar wa kansa wutar lantarki da motocin dakon kaya. Kamfanin na cikin waɗanda suka gina tashar jiragen ruwa ta Lekki a Legas, wadda aka buɗe a 2023.