Baƙin bel ba datti ya maida shi baƙi ba

Wai har yau akwai masu cewa 'yan karate na da can farin bel suke ɗaurawa ba sa wankewa, datti da gumi su maida shi baƙi. Haba jama'a, wannan tatsuniya ce kawai.

Jigoro Kano ne, wanda ya kafa judo a Japan a 1882, ya fito da tsarin matakan ƙwarewa da launin bel ke nunawa, kuma lokacin fari da baƙi ne kaɗai, karate ma daga judo ta aro abin. Su yalo da kore da shuɗi daga baya suka yaɗu a Turai, wani malamin judo ɗan Japan, Mikinosuke Kawaishi, ya yayata su a Faransa don ɗalibai su dinga ganin suna gaba. Wanda ya fara ɗaura baƙin bel ɗin ma matakin farko na masu baƙin bel yake, akwai tara a samansa.