Ma'anar "oganik": daga kwalbar inabi zuwa buhun riɗi

Muna cikin kakkaɓar riɗi a gonarmu da ke gabas da Gumel sai ƙanena da ke aiki a wani babban kanti a Legas ya turo min hoton wata doguwar kwalba ta WhatsApp. Ruwan ciki fari-fari ne, a jikin takardar kuma akwai koren tambari mai siffar ganye da aka haɗa da taurari. Ya ce, "Yaya, an rubuta oganik a jiki, wai iyali ɗaya ne ke yin sa a gonarsu a Italiya. Ai tataccen ruwan inabi ne, ko?" Na ce masa a'a, giya ce, kada ya kusance ta. Farar giyar inabi ke nan, wadda ake matse 'ya'yan a fitar da ɓawo kafin a bar ruwan ya ruɓa, kuma tana bugarwa kamar kowace.

Ban ga laifinsa ba. Kalmar ta shigo bakinmu ta tallan sabulu da man shafawa da magungunan gyaran jiki, har muka ɗauka fassararta ita ce "mai tsarki" ko "mai magani". Alhali oganik shaida ce a kan yadda aka yi noma. Ba ta ce komai a kan halal ko haram ba, ba ta kuma yi alkawarin warkar da kowa ba.

Wannan koren ganyen tambarin Tarayyar Turai ne, wanda ya zama dole a kan ƙunsassun kayan abincin oganik na Turai tun 2010. Kafin iyalin can su samu izinin liƙa shi, sai sun daina zuba takin zamani da maganin ciyawa da maganin ƙwari na kamfani, su kuma yi haƙuri shekara 3 cur, domin inabi itace ne mai daɗewa. Amfanin shekara-shekara irin riɗi da wake shekara 2 ake ba shi. Duk shekara mai bincike zai zo ya taka gonar, ya buɗe littafin da suke rubuta abin da suka saya da abin da suka fesa. Kuma ba wai ba sa feshi sam ba ne. An yarda su yi amfani da farar wuta da sinadarin jan ƙarfe don maganin funfunar ganye, da ƙa'ida. Ita kanta giyar sai a 2012 Turai ta yarda a kira ta oganik, bayan an rage yawan sinadarin hana lalacewa da ake zuba mata: miligiram 150 a lita ga farar da ba ta da zaƙi, maimakon 200.

Batun "gonar iyali" kuwa abu ne daban, duk da ana son haɗa su a talla. Mu sunansa gandu. Uba da 'ya'ya da jikoki suna noma ƙasa ɗaya, suna sarrafa abin da suka girba da hannunsu. Gandu na iya yin feshi, kamfani kuma na iya yin oganik.

Abin da ya fi ci min rai shi ne da na karanta wa Baba sharuɗɗan nan a gindin darbejiya. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To ai noman da na tashi na tarar ke nan." Gaskiyarsa. Tun rani ake jidar takin gida a mangala, jaki ya kai gona, a zuba shi tsibi-tsibi kafin ruwan fari. Bayan girbi Fulani su sauka da shanunsu su kwana a fili. A shuka gero da wake a kunya ɗaya, waken ya gyara ƙasa. A zuba toka da barkono a iri kafin a ɗaure. Har yau akwai gonakin riɗi da zoɓo a nan da ba su taɓa ganin buhun yuriya ba, wasu don al'ada, wasu don kuɗin ne babu. Amma idan buhun ya isa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko aka loda shi zuwa Dawanau, gauraya shi ake yi da na kowa, a auna da kuɗi ɗaya. Mai saye a Jamus ba zai ƙara ko sisi don ka rantse masa ba. Takarda yake nema, mu kuma ba mu da ita.

Akwai kuma inda mu ke ɓata wa kanmu, wato wajen ajiya. Mutum ya noma wake lafiya, ya zo ya yayyafa masa piya-piya don tsoron ƙwari. Saboda wannan sinadarin Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Ba Turawa nake ji ba, 'ya'yanmu da ke cin ƙosai da alalen waken nan nake ji. Ga buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba tare da ɗigon magani ba.

Kuɗin kawo mai bincike ya fi ƙarfin mai kadada ɗaya, shi ya sa doka ta yarda ƙananan manoma su haɗu su nemi shaida a ƙungiyance, kowa da littafinsa, suna sa wa juna ido. Idan maƙwabcinka na feshi, sai ka bar tazara a kan iyaka. Bana na sayi littafi mai bango mai tauri, na fara rubuta ranar shuka da yawan mangalar takin da muka kai. Baba ne ke faɗa, ni ina rubutawa, kuma maƙwabtanmu biyu sun ce idan an gama sussuka za su zo su ga yadda ake yi.