Wajabcin Ƙaro Ilimi ga Malaman Makarantun Gwamnati a Kano da Jigawa

Ƙaro ilimi a bakin aiki shi ne horon da malami yake ci gaba da samu bayan an ɗauke shi aiki, ko dai ta hanyar taron bita na 'yan kwanaki, ko ta hanyar komawa kwaleji ko jami'a domin neman takardar shaida da ta fi wadda yake riƙe da ita. A Najeriya babu wata doka guda da ta tattara hukunce-hukuncen wannan al'amari a wuri ɗaya. Wajabcin ya rarrabu ne tsakanin dokar rajistar malamai ta 1993, da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, da Manufar Ilimi ta Ƙasa, da kuma ƙa'idojin aikin gwamnati na kowace jiha. Saboda Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sanya ilimi cikin abubuwan da tarayya da jihohi suke da ikon yin doka a kansu, ya kuma bai wa ƙananan hukumomi hannu a sha'anin firamare, malamin da ke koyarwa a ƙauyen Kano ko Jigawa yana ƙarƙashin hukumomi da dama a lokaci guda: wadda ta ba shi lasisi daban, wadda take biyan kuɗin horonsa daban, wadda kuma take yi masa ƙarin girma daban.

Asali

Tun farkon ilimin boko a Arewa horar da malami da aikin koyarwa suke tafiya tare. Makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da ajin malamai, inda aka tara mutanen da suka riga suka yi karatun allo da na littattafai aka koya musu rubutun boko da lissafi domin su je su koyar. Kwalejin Horar da Malamai ta Katsina ta fara aiki a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya yi bikin buɗe ta a 1922, kuma daga cikinta ne mafi yawan malaman makarantun midil na Arewa suka fito. Makarantun elemantare kuwa, waɗanda suke hannun En'e, wato hukumar mulkin gargajiya, sun dogara ga ƙananan cibiyoyin horo da ke yaye malamai masu ƙaramar takarda.

A wancan tsari takardun malanta hawa-hawa ne. Mutum yakan fara da Giredi Uku, ya koyar na wasu shekaru, sannan En'e ta sake shi ya koma kwaleji ya yi Giredi Biyu, kuma albashinsa ya ƙaru gwargwadon takardar. Babu dokar da ta tilasta wa malami komawa karatu, amma tsarin albashi ya yi aikin da doka za ta yi, domin wanda ya tsaya a inda yake, albashinsa ma nan zai tsaya. Akwai kuma malamai masu zagaye da ake turawa ƙauyuka su zauna a aji su ga yadda ake koyarwa, su duba littafin tsara darasi, su gyara abin da ya karkace. Bayan yaƙin duniya na biyu an tura wasu zaɓaɓɓun malaman Arewa Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan, daga cikinsu akwai Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano, wanda bayan dawowarsa ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a wajen 1948. Ta ɓangaren Larabci da addini, makarantar shari'a da aka kafa a Kano a 1934 ta rikiɗe ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947, ta kuma riƙa yaye malaman da suka cika makarantun lardin.

Rahoton kwamitin Ashby na 1960, wanda ya yi nazarin ilimin gaba da sakandare a Najeriya, ya share fagen kafa manyan kwalejojin malamai, irin ta Zariya da ta Kano, waɗanda suka fara bayar da takardar shaidar malanta ta ƙasa, wato NCE. Sai dai babbar girgizar ta zo ne a watan Satumba na 1976, lokacin da gwamnatin soja ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. Yara sun cika makarantu fiye da yadda aka yi hasashe, malamai kuma ba su isa ba, don haka aka ɗauki mutane da yawa waɗanda horonsu bai kammala ba, wasu ma da takardar gama firamare kawai, aka tura su ƙauyuka. Domin gyara wannan giɓi aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna a 1976, aka ba ta gindin doka da Doka ta 7 ta 1978, aka ɗora mata aikin ɗaga darajar malaman da ke bakin aiki ta hanyar karatu daga nesa. Malami yakan karɓi littattafansa ya yi nazari a gida, ya halarci cibiyar karatu a ƙarshen mako da lokacin hutu, ba tare da ya bar ajinsa ba. Daga wajen 1990 cibiyar ta fara bayar da NCE ta wannan hanya, kuma malaman karkara da yawa a tsohuwar jihar Kano, wadda aka cire Jigawa daga cikinta a ranar 27 ga Agusta, 1991, ta nan suka sami takardarsu.

Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda ta fara fitowa a 1977, ta yi alkawarin cewa horo a bakin aiki zai zama wani ɓangare na rayuwar malami. Bugun 1998 ya ayyana NCE a matsayin mafi ƙarancin takardar shiga aikin koyarwa, kuma wannan jumla guda ita ce ta fi kowace doka tasiri a rayuwar malamin ƙauye, domin ta mayar da masu Giredi Biyu da masu takardar Larabci ta sakandare cikin jerin waɗanda ba su cika sharaɗi ba. An sha sanya musu wa'adin samun NCE ana ɗagawa. A wajen 2007 NTI ta gudanar da shiri na musamman domin kai ragowar masu Giredi Biyu zuwa NCE, kuma tun daga 2006 ta riƙa shirya bita ga malaman firamare a duk faɗin ƙasa da kuɗin da aka samu daga yafe wa Najeriya bashi.

Dokar rajistar malamai

Hukumar Rajistar Malamai ta Najeriya, TRCN, ta samo asali ne daga Doka ta 31 ta 1993, wadda yanzu take cikin kundin dokokin tarayya na 2004, kodayake hukumar ba ta fara aiki ba sai a shekarar 2000. Dokar ta ba ta ikon tantance wanene malami, da ƙayyade ilimi da ƙwarewar da ake buƙata kafin a yi wa mutum rajista, da ɗaga wannan mizani lokaci zuwa lokaci, da ajiye kundin sunayen malamai, da kuma ladabtar da mai laifi ta hannun kwamitin bincike da kwamitin ladabtarwa. Hukuncinta ya shafi makarantun gwamnati da na kuɗi baki ɗaya, kuma koyarwa ba tare da rajista ba laifi ne da ke jawo tara ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba.

Daga wannan iko ne hukumar ta fitar da tsarin ci gaba da ƙaro ƙwarewa na dole. Takardar rajista sau ɗaya ake karɓarta, amma lasisin koyarwa shekara uku yake yi, kuma sharaɗin sabunta shi shi ne malami ya biya kuɗin shekara-shekara, ya kuma nuna shaidar cewa ya tara makin da ake buƙata ta hanyar halartar bita da tarukan ƙwararru da kwasa-kwasan da hukumar ta amince da su. Malamai sun kasu rukuni huɗu gwargwadon takarda: masu digirin digirgir, masu digiri na biyu, masu digiri na farko, sai masu NCE, waɗanda su ne mafi rinjaye a firamaren karkara. Wanda ya yi digiri ko babbar difloma a fannin da ba na ilimi ba, sai ya ƙara da diflomar koyarwa kafin a yi masa rajista.

Tun daga 2017 aka ƙara sharaɗin cin jarrabawar cancanta, wadda ake yi da kwamfuta a cibiyoyin da galibinsu suke cikin birane. Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta sanya ranar 31 ga Disamba, 2019 a matsayin wa'adin fitar da marasa rajista daga aji. Wa'adin ya wuce ba a ga korar gama-gari ba, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: makarantar da malamanta uku ne ba za ta iya sallamar biyu ba.

Dokar ilimin bai-ɗaya da kuɗin horo

An ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya, wato UBE, a Sakkwato a ranar 30 ga Satumba, 1999, dokarsa kuma ta fito a 2004. Dokar ta tanadi a ware aƙalla kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimin matakin farko, wato firamare da ƙaramar sakandare, ta kafa hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, wato UBEC, ta kuma tanadi takwararta SUBEB a kowace jiha da ofishin ilimi a kowace ƙaramar hukuma. Kano tana da ƙananan hukumomi 44, Jigawa 27, kowacce da sakataren iliminta. A tsarin rabon da aka daɗe ana amfani da shi, kashi goma cikin ɗari na asusun yana tafiya ne ga horar da malamai, kuma SUBEB ce take tsara waɗanda za a horar da cibiyar da za ta horar da su. Wannan tanadi ya ɗora nauyi ne a kan hukuma, ba a kan malami ba, kuma bai ce dole kowane malami ya sami gurbi kowace shekara ba.

Babbar sakandare ba ta cikin wannan asusu. Horon malamanta yana hannun ma'aikatar ilimi da hukumomin sakandare na jiha.

Hutun ƙaro ilimi da ƙarin girma

Ƙa'idojin aikin gwamnati sun bai wa malamin da aka tabbatar da aikinsa damar neman hutun ƙaro ilimi, da albashi ko ba albashi, bisa sharaɗin samun izini a rubuce kafin ya tafi, da kuma sa hannu a yarjejeniyar dawowa ya yi aiki na wani lokaci. Wanda ya yi karatu ba da izini ba yakan sha wahala kafin a karɓi takardarsa. Bisa al'ada mai NCE yana shiga aiki a matakin albashi na 07, mai digiri a mataki na 08, kuma digirin ne yake buɗe hanyar kaiwa manyan matakai. Malaman jihohin biyu sun fi zuwa kwalejin ilimi ta Gumel, da ta Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso, da ta tarayya da ke Bichi, da Jami'ar Bayero, da Jami'ar Sule Lamiɗo da ke Kafin Hausa, mafi yawa a shirye-shiryen ƙarshen mako ko na dogon hutu. Dokar tarayya ta 2022 ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki.

Yadda ake aiwatarwa a karkara

Mafi yawan bitar da malamin ƙauye ya halarta a shekarun baya-bayan nan ta fito ne daga asusun UBEC ko daga shirye-shiryen tallafi na waje. Shirin tallafa wa ilimi na gwamnatin Birtaniya, wato ESSPIN, wanda ya gudana daga 2008 zuwa wajen 2017 a jihohi shida ciki har da Kano da Jigawa, ya ƙarfafa tsarin da ake horar da tawagar jiha, ita kuma ta horar da jami'an tallafa wa makarantu, su kuma su horar da hedimastoci da malamai a gungun makarantu masu maƙwabtaka, su biyo baya da ziyarar aji. Shirin bunƙasa malamai na TDP ya ɗora a kan haka daga 2013, ya fara da Jigawa da Katsina da Zamfara. Abin da aka fi mayar da hankali a kai shi ne koyar da karatu da lissafi a ƙananan azuzuwa, da tsara darasi, da shugabancin makaranta. Raunin irin wannan tsari sananne ne, domin abin da aka koyar a Dutse ko a birnin Kano yakan rage ƙarfi kafin ya isa Birniwa ko Doguwa, kuma ziyarar bibiya takan tsaya da zarar kuɗin man babur ya yanke.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Dogon hutu, wanda a cikinsa ake yin yawancin kwasa-kwasai, yana faɗowa ne a tsakiyar damina, lokacin da malami, wanda galibi manomi ne, yake tsakanin noma da maimai, kuma a ƙasar Haɗeja da Auyo da Ringim ambaliya takan yanke hanyoyi a daidai wannan lokaci. Idan kuma aka kira bita a cikin zango, makarantar da ba ta da isassun malamai takan haɗa azuzuwa ko ta sallami yara. Malamai mata, waɗanda dama ba su da yawa a ƙauyuka, sun fi samun halarta idan wurin taron yana kusa kuma ba na kwana ba ne. Takardar halartar bita takan shiga fayil, amma ba kasafai ake haɗa ta da sabunta lasisi yadda tsarin TRCN ya nufa ba.

Ma'aikatan da ba sa koyarwa

Dokar rajista ba ta shafi akawu da masinja da maigadi ba. Horonsu yana bin ƙa'idojin aikin gwamnati na gama-gari.

Saɓani

Ana jayayya a kan wanda yake da hurumin gwada cancantar malamin da ya riga ya sami rajista. Lokacin da gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa a 2017 ta sallami sama da dubu ashirin, ƙungiyar malamai ta NUT ta tsaya a kan cewa wannan hurumin TRCN ne, gwamnatin jihar kuma ta ce haƙƙin mai ɗaukar aiki ne. Ana kuma saɓani a kan wanda ya kamata ya biya kuɗin lasisi da na kwasa-kwasan dole, malami ko gwamnatin da ta ɗauke shi, da kuma yadda ake zaɓen sunayen masu zuwa bitar da ake biyan alawus.